Darasi na Tara: Uwar Garke da Tsara-da-Tsara

Ɗalibai, kun san uwar adashi. Kowa ita yake kai wa zubi, ita ke riƙe da lissafi, kuma a hannunta ake kwasa. Bahaushe yakan kira abin da wasu suka dogara da shi uwa, shi ya sa babbar kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima aka sa mata suna uwar garke. A darasin yau za mu ga hanyoyi biyu da na'urori ke bi wajen sadarwa a tsakaninsu: tsarin uwar garke da tsarin tsara-da-tsara.

A tsarin uwar garke, bayanai suna ajiye a wuri guda. Ƙananan na'urori suna roƙo, uwa tana bayarwa. A ce kana Fadan Kaje ka aika wa ɗan ajinku saƙo ta WhatsApp, alhali yana zaune kusa da kai a kan benci ɗaya. Saƙon ba zai tsallaka kai tsaye zuwa wayarsa ba. Sai ya hau turken sadarwa, ya tafi uwar garken kamfanin a wata ƙasa mai nisa, sannan ya dawo. Alamar maki guda da kake gani tana nufin saƙo ya isa wurin uwa, maki biyu kuwa ya sauka a wayar abokinka. Abin ya yi kama da jirgin ƙasa a zamanin da: mai tasowa daga Jos zuwa Inugu dole ne ya ratsa mahaɗar Kafanchan.

Misalin da ya fi shafar ku shi ne jarrabawar JAMB, wadda tun daga 2015 ake yin ta gaba ɗaya a kan kwamfuta. A kowace cibiya akwai uwar garke wadda ke riƙe da tambayoyi, tana kuma karɓar amsoshi. Kwamfutar da ke gabanka taga ce kawai. Saboda haka idan ta mutu ana cikin jarrabawa, kada hankalinka ya tashi. Ka ɗaga hannu a sauya maka wata, domin amsoshin da ka riga ka bayar suna wurin uwa. Amma idan uwar ce da kanta ta tsaya, duk ɗakin ya tsaya. Wannan shi ne raunin tsarin. Duniya ta ga haka ranar 4 ga Oktoba, 2021, lokacin da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan awa shida, mutane suka yi ta duba wayoyinsu suna zargin ƙarewar data.

Tsara-da-tsara kuwa ba shi da uwa. Kowace na'ura mai bayarwa ce, kuma mai karɓa ce, kamar manoman citta da ke yi wa juna gayya: yau a gonarka, gobe a tawa. Duk wanda ya taɓa tura waƙa ko fim daga waya zuwa waya ta Xender ko Bluetooth ya yi amfani da shi. Wayoyin biyu suna magana da juna kai tsaye, babu data, babu turke. Ko a ƙauyen da sabis ba ya kaiwa, malami zai iya raba wa ɗalibansa littafi guda cikin 'yan mintoci.

A intanet ma akwai irinsa. A shekarar 2001 wani Ba'amurke mai suna Bram Cohen ya fito da BitTorrent, wanda ke yayyanka babban fayil ƙanana-ƙanana. Duk wanda ya sami yanki sai ya miƙa wa wasu, yana kuma karɓar nasu. Ku lura da abin mamaki a nan: yawan jama'a yana gajiyar da uwar garke har shafi ya ƙi buɗewa, amma a wannan tsari yawan jama'a sauri yake ƙarawa.

Sai dai inda babu uwa, babu mai tsawatarwa. Ba wanda ke tace abin da ke yawo, don haka ƙwayar cutar kwamfuta takan biyo fim ta shiga waya. Haka kuma abin da ya fita ya fita. Hoton da aka goge daga uwar garke yana iya ɓacewa, amma wanda ya bazu a wayoyi ɗari ba mai iya kiransa ya dawo. A ganina wannan ne ya kamata ɗalibi, musamman 'yan mata, ya fi yin tunani a kai kafin ya miƙa wa wani wayarsa a ce "turo mini". Ba kuma za a iya gudanar da jarrabawa ko ajiyar banki ta hanyar tura fayil daga waya zuwa waya ba, tun da dole a sami wuri guda da za a je a tabbatar da maki ko kuɗin kowa.

Aiki: Ku zauna biyu-biyu. Kowa ya faɗa wa ɗan'uwansa da Hausa abubuwa uku da aka yi da waya a gidansu cikin makon nan, sannan ku tantance wanne ya bi ta uwar garke, wanne ya tafi tsara-da-tsara.