Kunnen Jirgin Ruwa: Na'urar Sona da Ƙa'idojin Aiki da Ita

Duk ɗalibin da ya taɓa leƙa rijiya mai zurfi a Janfalan ya yi magana a cikinta, ya ji muryarsa ta komo masa. Wannan ita ce amsa-kuwwa, kuma a kanta aka gina na'urar da ake kira sona.

Jemage ya riga ɗan Adam sanin wannan dabara. Ƙananan jemagun nan masu cin ƙwari, waɗanda ke kwana a rufin azuzuwa, suna fitar da ƙara mai kaifin da ya wuce jin kunnenmu, su saurari dawowarta, su gane inda bango yake da inda ƙwaro yake. Manyan da ke cin 'ya'yan itatuwa kuwa, akasarinsu da ido da hanci suke aiki; ɗalibai sukan rikita wannan a jarrabawa. Masanin da ya tabbatar da al'amarin shi ne Donald Griffin na Amurka, wanda ya raɗa wa dabarar suna a 1944. Amma tun bayan nutsewar jirgin Titanic a 1912 injiniyoyi suka dukufa neman hanyar gano abin da ke ɓoye cikin ruwa, har Paul Langevin na Faransa ya ƙera na'urarsa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Lissafin ba shi da wuya. Sauti yana gudun kimanin mita 340 a daƙiƙa cikin iska, amma cikin ruwan teku yakan kai mita 1,500. Idan na'urar ta aika ƙara ta dawo bayan daƙiƙa 2, to ta yi tafiyar mita 3,000, zuwa da dawowa. Zurfin wurin mita 1,500 ke nan. Da irin wannan awo jirgin sojan ruwan Nijeriya, NNS Lana, wanda ya fara aiki a 2021, yake zana taswirar ƙarƙashin teku.

To, me ya sa ake yin wadda ake saukarwa a kuma janye? Jirgi idan yana tafiya, kumfa takan bi ƙarƙashinsa tana warwatsa sauti, ga kuma rugugin inji da farfela. Saboda haka a manyan jiragen kamun kifi akan ɗora kan na'urar a bakin sandar ƙarfe, a zura ta ta wani bututu har ta leƙo ƙasa da gindin jirgin, inda ruwa ya fi natsuwa. Kamar kunkuru ne, ya miƙo wuya, in ya ga haɗari ya mayar.

Haɗarin kuwa yana nan. Wajibi ne a janye ta kafin a shiga tashar jiragen ruwa ko wuri marar zurfi, domin idan ta daki dutse sandar takan lanƙwashe, ta ƙi komawa, wani lokaci ma ruwa ya sami hanyar shiga jirgin. Haka nan akwai iyakar gudun da kamfanin da ya ƙera ta ya kafa, ba a wuce shi tana waje. Ba a kunna ta idan an ɗaga jirgi a busasshen wuri don gyara, saboda ruwa ne ke ɗauke mata zafi. Ba a kunna mai ƙarfi alhali masu nutso suna ƙarƙashin jirgin, don tana iya yi wa kunnuwansu lahani.

A matsayina na malamin nazarin halittu, abin da ya fi damuna shi ne dabbobin teku masu shayarwa, wato dolfin da wasu nau'o'in wel, waɗanda da amsa-kuwwa suke farauta kamar jemage. A watan Maris na 2000, wel da dama sun faɗo gaɓar tsibiran Bahamas lokacin da jiragen yaƙin Amurka ke atisaye da sona mai ƙarfi, wasunsu suka mutu. An sake ganin haka a tsibiran Kanari a 2002, har gwamnatin Sifen ta hana irin wannan atisaye a kewayen tsibiran a 2004.