Amsoshin Tambayoyinku: Ƙaramar Girgizar Ƙasa a Gaɓar Alaska

Wani mai sauraro ya nemi sanin dalilin da ya sa ake yawan samun ƙananan girgizar ƙasa a tsibiran Alushiyan na jihar Alaska ta Amurka, da kuma ko suna da haɗari.

Tsibiran suna kan iyakar da faifan tekun Fasifik, wato ɓangaren ɓawon ƙasa da ke ƙarƙashin tekun, yake kutsawa ƙarƙashin faifan Arewacin Amurka, kuma duk lokacin da duwatsun da suka cije suka suɓuce sai ƙasa ta motsa. Masana na kiran girgiza marar zurfi idan zurfin tushenta bai wuce kilomita 70 ba, kuma irinta ce aka fi ji a doron ƙasa, saboda kusancinta. Sai dai wadda ƙarfinta bai kai maki 4 a ma'aunin girgizar ƙasa ba da wuya ta rushe gini, balle a yankin da mazaunansa ba su da yawa, domin kowane ƙarin maki ɗaya yana nufin ƙarfi ya ninka kusan sau 32. Igiyar tsunami kuwa, wato ambaliyar da motsin ƙasan teku ke tayarwa, sai babbar girgiza ce ke haddasa ta, kamar ta 1946 kusa da tsibirin Unimak, wadda igiyarta ta hallaka mutane har a Hawai.