BABI NA BAKWAI: MUƘAMIN MINISTAN LAFIYA A NIJERIYA, TARIHINSA DA AYYUKANSA

7.1 Gabatarwa

Hausawa na cewa lafiya uwar jiki. Kamar yadda maigida yake ɗauke da nauyin lafiyar iyalinsa, haka ita ma gwamnati take da wanda ta ɗora wa wannan nauyi a madadin al'umma. A Nijeriya, wannan mutum shi ne Ministan Lafiya. A wannan babi za a dubi asalin muƙamin, da ayyukan mai riƙe da shi, da wasu daga cikin waɗanda suka riƙe shi. Ana sa ran a ƙarshen babin ɗalibi zai iya bambance abin da ke wuyan minista da abin da ke wuyan jiha ko ƙaramar hukuma, domin rashin sanin wannan bambanci yakan sa jama'a su kai kukansu inda ba za a share masu hawaye ba.

7.2 Ma'ana da Asalin Muƙamin

Kalmar “minista” ararriya ce daga Ingilishi, wadda Hausa ta yi wa kwaskwarima ta dace da tsarin gaɓoɓinta, har ta samar mata da jam'i, wato “ministoci”. Tana nufin mutumin da shugaban gwamnati ya damƙa wa jagorancin wata ma'aikata.

Kafin zuwan Turawa, kiwon lafiya a ƙasar Hausa yana hannun masu sana'a ne, irin su wanzamai da maɗora da ungozomomi da masu maganin gargajiya. A zamanin mulkin mallaka kuwa, galibi likitocin gwamnati Turawa ne suke shugabantar sashen lafiya. Tsarin mulkin shekarar 1951 shi ne ya fara ba 'yan ƙasa muƙaman ministoci. Da aka koma tsarin tarayya a 1954, sai kowane yanki ya riƙe yawancin harkokin lafiyarsa a ƙarƙashin nasa ministan. Daga nan ne rabon aiki tsakanin tarayya da sassan ƙasa ya samo asali.

7.3 Naɗi da Ayyuka

Sashe na 147 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba Shugaban Ƙasa ikon naɗa ministoci, bisa sharaɗin Majalisar Dattawa ta amince da su. Sashe na 148 kuma ya ba shi ikon raba masu ayyuka. Ke nan, minista ba zaɓaɓɓe ba ne, kuma wanda ya naɗa shi yana iya sauke shi. Haka kuma doka ba ta wajabta sai likita zai riƙe ma'aikatar lafiya ba. Muhimman ayyukansa sun haɗa da:

i. Tsara manufofin lafiya na ƙasa da gabatar da su ga Majalisar Zartarwa ta Tarayya.

ii. Kare kasafin kuɗin ma'aikatarsa a gaban Majalisar Dokoki ta Ƙasa.

iii. Sa ido a kan asibitocin koyarwa da cibiyoyin lafiya na tarayya, da hukumomi irin su NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna, wadda aka kafa a 1993.

iv. Shugabantar Majalisar Lafiya ta Ƙasa, inda yake zama da kwamishinonin lafiya na jihohi don daidaita aiki.

v. Wakiltar Nijeriya a tarurrukan Hukumar Lafiya ta Duniya.

vi. Jagorantar yaƙi da annoba idan ta ɓarke.

Sai dai ya kamata a lura cewa ikon minista yana da iyaka. Manyan asibitocin jiha suna ƙarƙashin gwamnatocin jihohi, ƙananan asibitoci da ɗakunan shan magani kuwa alhakin jihohi ne da ƙananan hukumomi. Minista yana iya tsara manufa a Abuja, amma ba shi yake ɗaukar ungozomar asibitin ƙauye aiki ba, kuma ba shi yake biyan ta albashi ba. Saboda haka nasararsa ta dogara ƙwarai a kan haɗin kan waɗanda ba ya da ikon ba su umurni.

7.4 Wasu Daga Cikin Waɗanda Suka Riƙe Muƙamin

A Jamhuriya ta Farko, Dakta Moses Majekodunmi, ƙwararren likitan mata, ya riƙe ma'aikatar daga 1961 zuwa 1966. A lokacinsa ne aka buɗe Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a 1962. Bayan da soja suka karɓi mulki, sunan muƙamin ya koma Kwamishinan Tarayya, har zuwa 1979. Da wannan suna ne Malam Aminu Kano, wanda asalinsa malamin makaranta ne, ya jagoranci ma'aikatar daga 1971 zuwa 1974 a gwamnatin Janar Yakubu Gowon.

Wanda aka fi tunawa da shi shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara, wanda ya yi minista daga 1985 zuwa 1992. Ra'ayinsa shi ne cututtukan da suka fi kashe yara, kamar gudawa da ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro, ana iya maganinsu da kuɗi kaɗan a kusa da gida. Wannan ya yi daidai da matsayar taron Alma-Ata na 1978 a kan kiwon lafiya matakin farko. A 1986 ya zaɓi ƙananan hukumomi 52 don gwada tsarin, a 1988 kuma aka ƙaddamar da manufar lafiya ta ƙasa. Ya ƙarfafa rigakafin yara, da shayar da nonon uwa, da amfani da ruwan gishiri da sukari. A 1992 aka kafa Hukumar Bunƙasa Kiwon Lafiya Matakin Farko ta Ƙasa don ci gaba da wannan aiki.

A zamanin Farfesa Onyebuchi Chukwu cutar Ebola ta shigo Legas a watan Yuli na 2014. An bi sawun waɗanda suka yi mu'amala da masu cutar ɗaya bayan ɗaya, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ƙarshen cutar a Nijeriya ranar 20 ga Oktoba, 2014. A ƙarshen wannan shekara aka sa hannu a kan Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta tanadi a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya na tushe. Dakta Osagie Ehanire shi ne ya fuskanci annobar korona, wadda aka fara samu a ƙasar a watan Fabrairu na 2020. A 2023 kuma aka naɗa Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan Jihar Bauchi, aka haɗa masa lafiya da walwalar jama'a.

7.5 Darasi Daga Rigakafin Shan Inna

Babu abin da ya fito da iyakar ikon minista fili kamar rikicin rigakafin shan inna. A 2003 aka yaɗa zargin cewa maganin yana hana haihuwa, har Jihar Kano da wasu jihohin Arewa suka dakatar da shi. Ministan lokacin, Farfesa Eyitayo Lambo, ba shi da ikon tilasta wa jiha, balle ya tilasta wa maigida ya fito da 'ya'yansa. Sai a watan Yuli na 2004 Kano ta dawo da rigakafin, bayan gwaje-gwaje da samo magani daga Indunusiya. Kafin nan cutar ta nakasa yara masu yawa, ta kuma tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita.

Abin da ya kawo gyara shi ne komawa ga waɗanda jama'a suke jin maganarsu. A 2009 sarakunan Arewa suka kafa kwamitin kiwon lafiya a ƙarƙashin inuwar Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar, hakimai da dagatai da malamai suka shiga aikin. An ga ƙarshen ƙwayar cutar ta asali a Jihar Borno a 2016, kuma a watan Agusta na 2020 aka tabbatar da Afirka ta rabu da ita.

7.6 Kammalawa

An ga yadda muƙamin Ministan Lafiya ya faro tun kafin samun 'yanci, da ayyukansa, da iyakokin ikonsa. Abin lura ga malami mai jiran gado shi ne, manufar da aka rubuta da Turanci a Abuja ba ta amfanar uwa a ƙauye sai an isar mata da ita cikin harshen da take ji, ta bakin wanda ta amince da shi. A garuruwa da yawa, malamin makaranta yana cikin waɗanda iyaye suke fara tambaya kafin su yarda a ɗiga wa ɗansu magani.

7.7 Auna Fahimta

1. Yi bayanin yadda ake naɗa minista bisa Tsarin Mulkin 1999.

2. Kawo ayyuka huɗu na Ministan Lafiya, sannan ka nuna inda ikonsa ya tsaya.

3. Wace gudummawa Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya ba kiwon lafiya matakin farko?

4. Rubuta gajeren jawabi da za ka gabatar wa iyayen yara a kan muhimmancin rigakafi.