Yadda Masu Zuwa Makka a Ƙafa Kan Ƙarasa Tafiya

A ƙauyukan da ke kewaye da dajin Ɗansoshiya, daga Kiru har Bebeji, in aka ce wane ya je Makka ta ƙasa, yara ba su da tambaya sai ta zaki da 'yan fashin hanya. Tsofaffin da suka yi tafiyar kuwa, in ka bar su su zaɓi abin faɗa, sai su tsallake Yerwa da Abeshe da Fashir, su dire a bakin teku. A wancan zamani, daga nan zuwa Ka'aba akwai tsari.

Da farko kuɗin jirgi, don ba a zuwa gaɓa hannu rabbana. Wanda ya baro gida da jaki da buhun gero, guzurinsa ya ƙare tun a Darfur. Sai ya yada zango a Jazira, inda aka buɗe manyan gonakin auduga a 1925, ya yi ƙodago kaka ɗaya, ko biyu, ko biyar. Wasu kan sauka Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Da yawa a nan tafiyar ta tsaya musu, jikokinsu na can har yau.

In kuɗi sun haɗu sai Sawakin, a bakin teku. A nan ake killace mahajjata, a yi musu lamba da allura, a duba takarda. Mai gaggawa ko marar takarda kan bi masu kwalekwalen iska da dare, kuma wannan kasada ce, don ana iya sauke mutum a wata gaɓa da ba kowa, a ce masa ga Jidda can gaba kaɗan.

Kwanakin jiran jirgi su ne na buɗe ido. Ka tuna ba a gama madatsar Tiga ba sai 1974, saboda haka mutumin Tudun Wada ko Doguwa a gida bai san ruwan da ya fi Kogin Kano da damina ba. Yau ga shi tsaye gaban Bahar Maliya, ruwa ba tsallake. Kowa sai ya ɗiba ya ɗanɗana, ya tofar. Sabulu ya ƙi kumfa. Sai an nemo malami ya tabbatar cewa ruwan nan mai gishiri yana alwala kafin hankali ya kwanta. Daga nan a taka zuwa tsibirin tsohon gari a ga benaye da aka gina da dutsen murjani, masu tagogin katako, waɗanda suka soma zubewa tun da aka mai da harkar jiragen ruwa Bur Sudan. Wanda ya ƙi zagayawa don wai ibada ta kawo shi, a ganina ya cuci kansa.

Tsallakawa ba ta da wata dabara sai cin abinci kaɗan da zama wurin da iska ke kaɗawa. Ƙaton da ya taka sahara bai yi raki ba, a nan za ka gan shi kwance yana amai.

A Jidda ake wanka a ɗaura harami, don malaman fiƙihu sun ce wanda ya taso daga Sawakin yana isa Jidda kafin ya daidaita da wani miƙati. Mutanenmu 'yan Malikiyya sun fi yin ifradi, wato niyyar hajji zalla; wanda ya iso da sauran watanni sai ya yi umara ya zauna jira. A nemi muɗawwifin da ke karɓar Takari, a leƙa maƙabartar da ake dangantawa da Nana Hauwa'u, sannan a fita ta Ƙofar Makka. Saura kilomita saba'in da 'yan kai. Tafiyar dare biyu ce, a yini a Bahra saboda rana, ana tafe ana talbiyya har murya ta dushe.

Shiga Harami kuwa, a ajiye kaya a masauki, a sabunta alwala, a bi ta Babus Salam. Ba a yi wa mai kuka magana a wannan wuri. Ɗawafi bakwai daga Hajarul Aswadi, Ka'aba a hagu, raka'a biyu a bayan Maƙamu Ibrahim, a sha zamzam, sai Safa da Marwa, wanda kafin faɗaɗawar da aka soma a 1955 hanya ce a tsakiyar shaguna, kana sa'ayi ana cinikin tasbaha a gefenka.

Sai sallar jam'i ta farko. Mutum tun yana yaro gabas yake kallo, ƙeyar na gabansa kawai ya sani. A nan sahu zobe ne, ya ɗaga ido ya hangi fuskokin wasu suna fuskantarsa, kowa kuma alƙiblarsa daidai.

Mina da Arfa da jifa da hadaya duk sanannu ne. Bayan ɗawafin bankwana a cika gwangwani da zamzam a liƙe bakinsa, mai sauran ƙarfi ya nufi Madina, wanda aljihunsa ya bushe kuma ya nemi aikin dako ko ga-ruwa, ya soma tara kuɗin komawa Kiru.