Ajin da ba kya ganin fuskokinsa

'Yata, mamanki ta gaya mini kin buɗe aji a waya, kina koya wa masu shirin JAMB lissafi. Na ji daɗi ƙwarai, Allah ya sa albarka. Matso kusa gwaggonki ta ɗan yi miki surutu, tunda na fi shekara 30 ina shaƙar ƙurar alli.

Abin da zai fara ba ki wuya shi ne rashin fuska. Labarin zuciya, an ce, a tambayi fuska. Da, in na yi rubutu a allo na waiwayo, goshin yaro kaɗai ya isa ya gaya mini ko ya gane. Wannan ya haɗe gira, waccan ta fara tauna murfin biro, sai in goge in sake daga farko. Ke kuwa da gilashin waya kike magana. Ɗalibarki tana can ita kaɗai, wataƙila a bakin murhu, ƙaninta na jan zaninta, caji saura kaɗan. In ta sulale ba mai lura. Duk abin da za ki shirya, ki shirya shi da yarinyar nan a ranki.

Kada yawan masu shiga zaurenki ya ruɗe ki. A 2011 wasu malamai biyu na jami'ar Stanford a Amurka, Sebastian Thrun da Peter Norvig, suka sa darasinsu a intanet kyauta. Mutum wajen 160,000 suka yi rajista, amma waɗanda suka kai ƙarshe wajen 23,000 ne. Gwanaye ne fa, ga kayan aiki. Haka abin yake, ranar kai amarya gida cike yake, bayan sati ɗaya sai 'yan gida. In kin ga an ragu kada ranki ya ɓaci. Ki dai bincika a wane darasi aka fi zubewa, don galibi a nan tsakuwar take.

Ni ma na taɓa yin tawa wautar. A 2020, da aka rufe makarantu saboda korona, aka ce mu riƙa tura darasi ta WhatsApp. Na zauna na naɗi murya ta minti 40 cur, ina jin na yi bajinta. Zakaran maƙwabta ma ya samu shiga ciki har sau biyu. Kwana uku shiru. Da na matsa wa wata yarinya da tambaya, sai ta sassauta murya ta ce, "Malama, wayar Baba ce, da asuba yake fita da ita. Kuma ya ce saƙon ya cinye masa data." Kunya ta kama ni. Ashe don kaina na yi darasin, yaran ba sa cikin lissafina.

Daga nan na koyi gutsurawa, kamar yadda ake ba jinjiri tuwo. Darasi ɗaya, magana ɗaya. Wani bincike da aka fitar a 2014 kan miliyoyin kallon bidiyon dandalin edX ya nuna cewa da an wuce minti 6 hankalin ɗalibi yakan fara tafiya. Salman Khan ma, mai Khan Academy, da yarinya ɗaya ya fara a 2004, wata 'yar'uwarsa da lissafi ya gagara, yana koya mata daga nesa. Da ya koma sa darussan a YouTube a 2006, gajeru ya riƙa yi, ba a ma ganin fuskarsa. Rubutu ne kawai ke fitowa a baƙin allo, da murya kamar ta mai zaune kusa da kai. Ke ma ba sai kin sayi kyamara mai tsada ba. Farar takarda, biro mai kauri, haske daga taga, da ɗaki marar hayaniya sun ishe ki. Mutum zai jure hoto mai dishi-dishi, amma murya marar fita ba ya jure ta. Abin da hoton takarda da gajeren saƙon murya za su iya, kada ki ɗora wa bidiyo, don kuɗin datar daga cefanen wani gida yake fita.

Kafin ki danna naɗi, ki tambayi kanki me kike so yaron ya iya yi da hannunsa in ya gama saurare. Ki rubuta amsar a layi ɗaya. In layi ɗaya bai ɗauke ta ba, darussa biyu ne kika cusa a buhu ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya, 'yata. Sannan kowane darasi ya ƙare da ɗan aiki, ko tambaya uku ce, su warware a takarda su ɗauko hoto su turo. Kallon mai tuƙa tuwo bai taɓa koya wa kowa tuƙi ba.

In sun turo, ki amsa. Nan ne nauyin yake. Yaron da ya turo aiki aka yi banza da shi sau biyu, ba zai yi na uku ba. Ki kira sunansa, ki nuna masa layin da ya kauce, a keɓe, kada a tsakiyar zaure. Saboda haka kada ki ɗebi fiye da waɗanda za ki iya dubawa, musamman tunda kuɗinsu kike karɓa. Ƙawayena da yawa sun samu NCE ta Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, NTI, wadda aka kafa a 1976. Littattafai ake ba su su karanta a gida, amma duk da haka a ƙarshen mako sai sun hallara a cibiyar karatu sun ga malami ido da ido. Ke ma ki ware sa'a ɗaya a mako, rana sananniya, a haɗu kai tsaye a yi tambayoyi. Ki naɗe zaman saboda wanda aka ɗauke wa wuta ko sabis ya yanke masa. Wadda ta yi shiru sati guda kuwa, ki ɗaga waya ki kira ta, ki fara da tambayar lafiyar gida.

To, na cika ki da zance. Ran Juma'a in za ki zo, ki taho da wayar in saurari darasinki na farko. Kin san ni da lissafi ba ma ga maciji, sai ki zauna gefe ki kalli goshina. Ki gaida mamanki, ki ce mata ina nan ina jiran daddawar da ta yi mini alkawari.