Rufe Agogonka Kafin Ka Taka Titi

A watan Afrilun 2022, ɗan dambe Amir Khan ya fito daga gidan abinci a Leyton, gabashin Landan, aka nuna masa bindiga, aka karɓe agogonsa na kimanin fam 70,000. Irin waɗannan ɓarayi sai sun hango kafin su afka, shi ya sa kariya take farawa tun kana bakin ƙofa: ja hannun riga ka rufe agogon, ko ka tura shi aljihun ciki. Wani zai ce, to don me aka saya? Ai zauren taro ya ishe shi ƙyalli. In an tare ka, miƙa shi ba gardama. Lambar jikinsa kuwa, ajiye ta gida, ita 'yan sanda za su nema.