Nolan Ryan da Asirin Jifa a Jikin Ɗan Adam

A wasan besbol na Amurka, mai jifa kan wurga ƙwallo daga nisan mita 18.4, mai bugu kuma ya tare ta da sanda. Nolan Ryan ya yi kakar wasa 27 yana jifa, tsakanin 1966 da 1993, ya fitar da masu bugu sau 5,714, adadin da har yau ba a kamo ba. A 1974 aka auna gudun ƙwallonsa, ya kai kilomita 162 a awa.

Ƙarfin irin wannan jifa yana tasowa ne daga tsokokin cinya da ƙugu, ya bi ta baya da kafaɗa, ya isa hannu. Amma wahalar tana sauka a kan wata 'yar jijiya da ta ɗaure ƙasusuwan gwiwar hannu ta ciki. Tsoka tana samun jini sosai, sai ta warke da sauri; jijiya kuwa jininta kaɗan ne. A Satumbar 1993, Ryan yana ɗan shekara 46, jijiyar ta tsinke ana tsakiyar wasa, wasansa na ƙarshe ke nan. Shi ya sa masu horarwa ke ƙidaya jifan matasa, su kuma ba su hutu.